Akuyar da Malam Ya Kiwata Mini

Daga Allah muka zo, gare shi za mu koma. Na faɗi wannan kalma ranar da aka fita da gawar Malam, mijina, ina kuma faɗinta kullum, amma har yau ba ta sauka daga bakina ta zauna a zuciyata ba.

Ni ban yi boko ba, karatun allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi. 'Yar ƙanwata ce take rubuta wannan, malamar makaranta ce a Tudun Jukun, takan zo ran Asabar ta zauna a bakin gadona. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa. Ina so a rubuta ne saboda nan gaba kaɗan za a sayar da abin da ya bari, a raba, sunansa ya goge daga kan kowace takarda, ni ma in bi shi, ba wanda ya san irin mutumin da ya zauna a wannan gida.

Gidanmu a cikin birni yake, ta wajen Ƙofar Kibo, a lungun da mota ba ta shiga. Ranar rasuwar lungun ya cika har mutane suna tsayawa a jikin garun maƙwabta. Mata suna shigowa suna tambayata haƙuri, ina amsawa ban san me nake cewa ba. Wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ta durƙusa ta riƙe ƙafata tana kuka, ta ce sau biyu a shekara yake aiko mata da gero, bai taɓa bari ta yi masa godiya ba. Mai wankin hula na bakin masallaci ya aiko matarsa ta gaya mini irin haka. An ce a zaure kuma dattawa sun yi ta tuna yadda suke tsokanarsa, suna kiransa Malam mai arzikin takarda, har wasu suka yi dariya suna share hawaye.

Na kuma ji abin da ake faɗa a hankali a bayan labule. Wata ta ce ai Inna, ni ke nan, ba ta da damuwa, an ce ya bar hannun jari a manyan kamfanoni. Wata ta ce ko da ba ta haihu da shi ba, ta ci ribar zama. Na ji su, a lokacin ni ma haka na ɗauka.

Gaskiya ne ban haihu ba. Na shigo gidan nan bayan uwar 'ya'yansa ta rasu ta bar biyu, namiji da mace, ƙaramar ko yaye ba a yi mata ba. Ni na goya ta, ni na kai babban makaranta har bakin zaure. Shi babban, wanda muke kira Babba, yanzu yana aiki a Abuja. Ita kuma tana aure a Gyallesu, mijinta ya shekara yana kwance, rabin jikinsa ya shanye, ga yara a gabanta.

Malam akawu ne, ya yi aikin gwamnati har ya ajiye. Mutum ne da ba ya son hayaniya. Ba ya cin tuwo da zafi, sai ya ture murfin ya jira, yana cewa wanda ya yi gaggawa harshensa ke biya. In ya dawo daga masallaci yakan tsaya a ƙofar ɗakina ya yi gyaran murya, ko da ya san ni kaɗai ce a ciki. Rediyonsa kuma ba a taɓa masa, musamman in an zo labarin kasuwanni. In na yi magana a lokacin sai ya ɗaga yatsa ɗaya, bai ko dube ni ba.

Yana da aboki guda na ƙut da ƙut, wani Kirista mutumin Wusasa, tare suka yi aiki tebur da tebur. Yaran gidan nan Baban Wusasa suke ce masa. Da aka biya su kuɗin sallama daga aiki, nan suka raba hanya a kan inda za su sa kuɗin, suka kuma shekara da shekaru suna gardamar a zaure, ina jiyo su daga tsakar gida. Shi Baban Wusasa ya ba gwamnati bashi ne, aka ba shi takarda, duk wata shida ana biyansa abin da aka yanka tun farko, ba ƙari ba ragi, kuma ba a cire masa haraji. Malam ya ce wannan kuɗin ruwa ne, ko da gwamnati ce ta ci bashin, shi ba zai kai shi bakinsa ba. Ya sayi hannun jari a kamfanin siminti da na gari da wasu ƙanana. In kamfani ya ci riba a ba shi rabonsa, in bai ci ba ya haƙura.

Abokin yakan tsokane shi ya ce, kai ka guji ruwa, ga shi kafin ribarka ta iso hannunka gwamnati ta yanki ɗaya cikin goma, ni kuwa nawa cif yake zuwa. Malam ya ce gara gwamnati ta yanka a nan da a yanka masa a can. Daga baya da tsada ta yi tsada, abin da ake biyan abokin ya daina sayen ko rabin abin da yake saye a da, sai Malam ya samu bakin ramawa. Yakan ce masa, kuɗinka cif suke zuwa, buhun ne ya ƙi tsayawa cif. Su yi dariya, a kai musu kunu.

Ni ban gane komai ba cikin wannan sai da mahaifina ya rasu, na gaji wata gona a bayan ganuwa. Ba ni da ɗan da zai nome ta, masu aro kuma kullum da labarin da za su ba ni. Malam ya ce in sayar ya saya mini hannun jari. Na ce yaya mutum zai ba da ƙasa ya karɓi takarda? Sai ya yi mini bayani da abin da na sani. Ya ce kamar ki ba mutumin ƙauye akuya ne ya kiwata miki. Akuyar taki ce, in ta haihu a kawo miki, in kin ga dama ki sayar da uwar. Wata shekara ta yi tagwaye, wata shekara ta yi ɓari, tana kuma iya mutuwa. Ya ce abin da abokinsa ke yi kuwa, ba da hatsi ne bashi a dawo maka da shi da ƙari. Wannan na gane shi sarai.

Ya tambaye ni wane kamfani nake so, na siminti, na gari, ko wata masaƙa da ke yin atamfa. Ban yi dogon tunani ba na ce masaƙa, don duk abin da zai faru a duniya mata ba za su daina ɗaura zane ba. Ya yi dariya ya ce na fi dillalin hannun jari wayo.

Da aka zo saye sai aka ce dole mai abu ya je da kansa, a ɗauki hotonsa, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. A wancan lokaci, a cikin birnin nan, matar mutum kamar Malam ba ta fita ta zauna gaban wani namiji ya ɗauki hoton fuskarta a liƙa a takarda maza suna dubawa. Ko shi ya yarda, yayyensa ba za su yarda ba, ni ma kunya ba za ta bar ni ba. Sai ya saya da sunansa, ya ce amana ce. Ba mu kira shaida ba. Wa ke kiran shaida tsakaninsa da mijinsa? Abokinsa kawai ya sani, don shi ya raka shi wurin dillali.

Daga nan aka fara abin da ya zama al'adar gidanmu. Duk ranar da rabon riba ya zo, da can a takarda ta gidan waya, daga baya a wayar hannu, sai ya ci abincinsa, ya sa kuɗin a cikin kwanon da ya ci, ya rufe da faifai ya turo mini. In na buɗe ya ce, "Akuyarki ta haihu. An cire jangali." Jangali yake kiran harajin da gwamnati ke yanka. Bayan jangalin kuma akwai wani ɗan kaso da yake warewa da kansa, nasa da nawa. Ya ce kamfanonin nan suna ajiya a banki, ba a rasa ruwa ya ɗiga a cikin ribarsu. Wannan kason ba ya shiga tukunyarmu. Shi ne geron mai ƙuli-ƙuli da na mai wankin hula. Shi ya sa ba ya karɓar godiyarsu, yana cewa ba sadaka ba ce, datti ne ya wanke.

Da kuɗin akuyar nan na yi wa 'yarmu kayan ɗaki. Da su nake sayen sabulu da maganin ƙafa da goron baƙi, in yi biki in yi suna ban roƙi kowa ba. Mace marar ɗa a gidan miji ta san abin da nake nufi. Abin da ya riƙe mini kai ke nan shekara da shekaru.

Wata shekara na ji a rediyonsa ana cewa masaƙu suna ta rufewa, ma'aikata sun koma gida. Na jira ya gama cin abinci na tambaye shi. Ya ce in kwantar da hankalina, tun kafin abin ya lalace ya fitar da nawa ya mai da shi siminti. Ya ce nasa ne wani ƙarami ya mutu, nawa yana nan. Da lokaci ya yi kwano ya zo da faifai a kai kamar kullum. Na yi wa Allah godiya da ya ba ni miji mai ido.

Faɗa ɗaya muka taɓa yi wanda ya kwana, shi ma a kan wannan ne. Zamani ya juya, gwamnati ta ce kowa sai ya yi katin ɗan ƙasa, har da mu tsofaffin cikin kulle. Aka kai mu, aka ɗauki hotona, na dangwala yatsu. Da na dawo na ce masa, to Malam, tunda fuskar nan ta riga ta shiga takarda, a mai da akuyata sunana. Ya ce sai bayan salla. Bayan salla ya ce juyawar tana da kuɗi, dillali zai ci nasa. Na bari aka kwana biyu na sake tayarwa, ya ce wai me nake tsoro. Raina ya ɓaci, na ce ina tsoron ranar da ba ya nan, na kuma ce masa amanar da ba a son mayarwa ta fara canza suna. Ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya wanke hannu, ya fita. Ya yi kwanaki yana shiga ɗakinsa ba gyaran murya a ƙofata. Daga baya muka shirya, ba wanda ya ba wani haƙuri, ni kuma ban ƙara tayar da maganar ba. Ciwonsa bai yi tsawo ba. Ran da harshensa ya yi nauyi ya yi ta kallona yana motsa baki, na ɗauka kalmar shahada yake nema, na yi ta laƙƙana masa.

Bayan addu'ar bakwai Babba ya shigo ɗakina ya zauna a ƙasa. Yaron kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce duk abin da ke da sunan mahaifinsu ya zama gado, banki ya rufe asusun, ba a taɓa ko sisi sai kotu ta ba da takarda, kotun ma sai ta karɓi kasonta. Ya ce in an gama shi yana ganin a sayar da komai a raba, don shi ba ya iya zaman jiran kamfani, akwai wata takardar gwamnati ta zamani da malamai suka halatta, wai sukuk, a can zai sa nasa. Ni kuma tumuni ne rabona, ɗaya cikin takwas.

Na ce masa simintin ba na gado ba ne, gonar ubana ce. Ya ce ya taso yana jin ana cewa akuyar Inna, amma a takarda babu. Ya ce, "Inna, ba sai mun je gaban alƙali ba. In Baban Wusasa ya ce haka ne, ke kuma kika rantse a gaban malamin da zai yi rabo, ni da ƙanwata mun bar miki." Simintin shi ne mafi tsoka a cikin abin da ya bari. In ya zama nawa, zan ci in sha har in mutu ban miƙa hannu ba. In ya shiga gado, abin da zai zo mini ba zai riƙe ni ba.

Na aika aka kira Baban Wusasa. Ya zo yana dogara sanda, aka sa masa kujera a ƙofar ɗaki, ina ciki bayan labule saboda takaba. Kafin in kai ga abin da na kira shi dominsa ya fara zancen abokinsa. Ya ce bai taɓa ganin mai riƙon amana irinsa ba. Ya ce lokacin da masaƙar nan ta fara tangaɗi ya yi ta ce masa ya sayar, Malam ya ce ba nasa ba ne, mai abin da bakinta ta zaɓa, bari a ga shekara guda. Da shekarar ta zagayo ba mai saye ko a kyauta. Ya ce ranar da abin ya tabbata Malam ya zo har Wusasa ya zauna a gidansa bai iya shan ruwa ba, yana cewa ya kashe gonar marainiya. Daga ranar ya ɗauki ribar simintinsa, wanda ya saya da kuɗin sallamarsa, ya mai da ita tawa.

Ban san irin sautin da ya fita daga bakina ba. Na dai ji ya ce, "Uwargida, ashe bai gaya miki ba?"

Na ce bai gaya mini ba.

Na tuna shekarun da ya daina ɗinka sabuwar riga da salla yana cewa tsofaffin sun fi daɗin jiki. Na tuna ya bar cin nama sai ran Juma'a, wai likita ya hana. Na tuna lomar da ya ajiye.

Baban Wusasa ya ce shi ba zai iya cewa kuɗin gonata sun shiga siminti ba, don ba su shiga ba. Amma ya sha jin Malam yana cewa simintin na uwargida ne, wannan zai iya faɗa ko a gaban wa, sauran kuma ba wanda zai ji daga bakinsa. Na sa aka tambayi malamin rabo a kaikaice, ba a ambaci suna ba. Ya ce kyautar da ba a karɓa a hannu ba har mai kyautar ya mutu, ta koma gado. Sai dai in dukiyar tun asali ta mai da'awar ce, ta rantse a kan haka. Ashe abin da ya hana Malam mai da akuyar sunana shi ne, in an je wurin dillali za a karanta mini komai, in ji cewa tawa ta mutu. Ya tsare ni daga baƙin ciki guda, ya bar ni da wanda ya fi shi.

Ranar da aka zauna, malamin yana zaure da Babba, ni da 'yarmu muna daga ciki inda za mu ji. Ta zo da goyo, ta rame, zanen jikinta wanda na ba ta ne tun haihuwarta ta fari. Baban Wusasa ya faɗi abin da ya ce zai faɗa, bai ƙara ba. Babba ya ce to shi ke nan, saura rantsuwa. Malamin ya ɗaga murya ya tambaye ni ko na rantse da Allah kuɗin gonar mahaifina ne a cikin simintin nan. Kowa ya yarda da ni tun kafin in buɗe baki. 'Yarmu ma ta taɓa gwiwata ta ce, "Ki faɗa mana, Inna, ai kowa ya sani."

Na tuna mutumin da ya ƙi cin ɗigon ruwa a cikin halalinsa, ya bi lungu yana rabar da shi. Na ce wa malamin, "A raba. Akuyata ta daɗe da mutuwa."

Babba ya shigo yana tambaya me nake nufi, na gaya musu. Ya yi kuka, ya ce duk wata zai riƙa aiko mini. Na san da gaske yake. Na kuma san yana da mata da 'ya'ya da haya a garin da ruwan sha ma saye ake yi, kuma na ga tsofaffin da ke jiran aike. Yau ni ce zan zauna ina sauraron sallamar ɗan saƙo, ni da ban taɓa roƙon kuɗin sabulu ba. Gonar ubana kuwa an ce yanzu gidaje ne a wurin, har da bene.

Mutane suna ce mini na yi abin kirki, Allah zai saka. Ina amsawa da amin. Amma ba ladan nake tunani ba in na kwanta. Ina tunanin mutumin da ya zauna kusa da ni shekaru masu yawa da wannan abu a cikinsa, yana turo mini kwano yana murmushi, na ce masa mai cin amana, bai kare kansa ba. Da ya gaya mini, da mun yi kukan tare, da na ce masa ya ɗinka rigarsa.

Wayarsa tana nan a ƙarƙashin matashina, ban bari an kashe ta ba. Kwanan baya ta yi ƙara, 'yar ƙanwata ta duba ta ce kamfanin siminti ne ya biya rabon riba, kuɗin sun shiga asusun da aka rufe. Na tambaye ta ko an cire jangali. Ta ce an cire.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka san abin da ya ɓoye da dalilin da ya sa ya ɓoye. Kada ka kama shi da gonata, na yafe ta duniya da lahira. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sa ya huta. Wanda duk ya karanta wannan ya yi masa addu'a, in da saura ya sa da ni.

Kwanonsa na wanke na kife. Faifan yana rataye a inda yake.